Amsa ga ƙanwata kan gashin da ya ƙi kamawa

Salamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da yamma. Ƙanwata, na saurari muryarki. Kin ce kina son ki yi ƙyallen nan na gashin tunkiya da ba a saƙawa, mai kama da jikin hular dara, ki ɗinka jaka da shi, kin yi ta murza har hannu ya yi ja amma ya ƙi kamawa. To wallahi ba laifin hannunki ba ne, gashin ne.

Tumakinmu na nan Damagaram, su uda da balami, gashinsu gajere ne, mai santsi, ga tauri. Ko kwana za ki yi kina murza shi, watsewa zai yi. Ni ma da gashin ragon layya na fara, na je har majema na roƙo, na yi asarar sabulu guda biyu. Tunkiya mai ulun gaske sai can bakin kogi wajen Tillaberi, wadda ake kira kundum, ko ta Masina a Mali. Gashin raƙumi ma yana yi, amma na ƙasa-ƙasa mai laushin nan, wanda yake zubarwa in sanyi ya wuce.

In kuma a Kasuwar Dole ta nan Damagaram za ki sayi ulun, ki tsinko kaɗan ki kai ga ashana. Na gaske ƙauri yake kamar ana babbakar kan rago, tokar ta murmushe a yatsa. In ya narke ya dunƙule kamar leda, ki bar wa mai sayarwa kayansa, wannan ba ya kamawa har abada.

To ga aikin. Ki wanke shi a hankali, ya bushe, ki shiɓe kamar yadda kakanninmu ke shiɓar auduga. Ki shimfiɗa bisa tabarma siriri-siriri, layin farko a tsaye, na biyu a gicciye, haka har hawa 4. Kin ji, gicciyen nan kada ki raina shi, shi ne ƙarfin ƙyallen. Ki rufa da tsohon gidan sauro, ki yayyafa ruwan zafi mai sabulu, ki fara da dannawa da tafin hannu tukuna. Kowane silin ulu yana da 'yan ƙananan ɓawo a jikinsa kamar na kifi, ido ba ya gani, ɗumi da sabulu ke buɗe su, murza kuma ta sa su sarƙe da juna. Sai ki naɗe tabarmar gaba ɗaya ki yi ta mirginawa, kina warwarewa kina juya gefe.

Ki tsunkula ki ɗaga: in sili ya biyo yatsanki, da saura. In duka ƙyallen ya taso tare, ya kama.

Af, na kusa mantawa, yana tsukewa sosai, wajen kashi ɗaya cikin uku. In santimita 40 kike so, ki shimfiɗa 60. Ki ɗauraye da ruwan sanyi, ki shanya a inuwa a kwance. In kin samo ulun, ki turo mini hotonsa na gani kafin ki jiƙa.