Me rubutun NANDA zai ƙara wa yaron da ke firgita cikin barci?

Tambaya: Ni nas ce a wani asibiti a Gusau. Ana yawan kawo mana yaran da 'yan bindiga suka tashi ƙauyukansu, wani ba ya barci, wani ya daina magana. Shugabarmu ta dage sai mun riƙa rubuta jinyarsu da tsarin NANDA, wato kundin da ma'aikatan jinya ke sa wa matsalolin majinyaci suna da shi. Tunda likita ya riga ya faɗi cutar, wannan ba ɓata lokaci ba ne?

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da lada. Gaskiya shugabarku tana da hujja. Likita yana sa wa cuta suna ne da kundin ICD na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda bugunsa na 11 ya fara aiki a Janairun 2022. Ke kuwa da kike kwana da yaron, NANDA ne ke ba ki sunan halin da yake ciki yau: tsoro, rashin barci, ko haɗarin ya ji wa kansa ciwo. Abokan tafiyarsa biyu, kundayen NIC da NOC, daga Jami'ar Iowa ta Amurka suka fito. NIC ya jera abin da nas za ta yi, NOC kuma yana auna sauƙi daga mataki 1 (mafi tsanani) zuwa 5 (mafi sauƙi).

In mai aikin dare ta rubuta "yaro ya yi rigima", ta safe ba ta ƙaru da komai ba. Amma in ta rubuta tsoro, ya farka sau uku, yana ƙanƙame zanin uwarsa duk sanda babur ya wuce, barcinsa na mataki 2, to an san a matsar da gadonsa daga taga, a bar uwar kusa, a sake aunawa bayan mako. Ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kware aka tura shi, fayil ɗin zai yi magana.

Sai dai ki yi hattara, ba don 'ya'yanmu aka tsara kundayen nan ba. Yaron da ya sunkuyar da kai gaban babba ladabi yake yi, kada a rubuta masa gudun mutane. Uwar da ta ƙi kiran sunan ɗan farinta kunya ce, ba ƙiyayya ba. Ina jin ciwo in na ga an rubuta wa irinta rashin shaƙuwa da ɗa. Yaron da ya zo daga Anka ko Bukkuyum da jinkirin fahimta kuwa, ki tambaya ko ana niƙa dutsen zinare a gidansu, domin gubar dalmar da ta ɓulla a 2010 tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma gwajin jini ne ke nuna ta.