Na ɗaura had-dis na biyu, kwamfuta ta ƙi nuna shi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da kwamfutar tebur a gida mai Windows 10. Wuri ya cika, sai na sayo sabon had-dis mai 4TB na ɗaura kusa da na farko. Ina jin motsinsa idan na kunna, amma in na buɗe This PC babu shi. Ko lalatacce aka sayar mini?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka yi saurin mayar da shi. Sabon had-dis kamar fili yake da ba a yanka fuloti ba, shi kuwa This PC ba ya nuna komai sai abin da aka yanka aka ba shi harafi irin C ko D.

Fara da BIOS, wato shafin saitin kwamfuta da ake shiga kafin Windows ya tashi, domin can ne za a san inda matsalar take. Da zarar ka kunna kwamfutar, yi ta danna Del ko F2, wasu kuma F10, har shafin ya buɗe, ka duba jerin abubuwan da ke haɗe da ramukan SATA, wato ramukan da ake jona had-dis a cikin kwamfuta.

Idan ka ga sunansa a can, wayoyinka lafiya lau suke, aikin ya rage ga Windows. Danna maɓallin Windows tare da X, ka zaɓi Disk Management. Za ka gan shi da baƙin layi a samansa, an rubuta Unallocated, kuma galibi za a tambaye ka tsarin da za a yanka shi da shi, MBR ko GPT. Zaɓi GPT. Tsarin MBR ba ya wuce kusan 2TB, don haka in ka zaɓe shi rabin abin da ka saya zai zauna a banza. Daga nan ka yi dannawar dama, wato da maɓallin dama na linzamin kwamfuta, a kan wurin da aka rubuta Unallocated, ka zaɓi New Simple Volume, ka ba shi harafi, ka bar tsarin ajiyar fayil ɗinsa a NTFS. Za ka ga ya nuna kusan 3.63TB maimakon 4. Ba cutar ka aka yi ba, lissafin kamfani ne ya bambanta da na Windows.

Idan kuwa BIOS bai gan shi ba, kashe kwamfutar, zare wayarta daga bango, sannan ka buɗe. Waya biyu ke shiga had-dis: mai faɗi mai ƙafa 15 ta wuta ce, siririya mai ƙafa 7 ita ke kai bayanai zuwa madabod, babban allon da sassan kwamfuta ke haɗe da shi. Motsin da kake ji shaida ce kawai cewa wuta na isa, bai ce komai game da siririyar ba, kuma ita ce ta fi yawan kawo cikas. Tura ta sosai a kowane ɓangare. In bai yi ba, canza waya, sannan canza rami. Wasu madabod ɗin suna kashe ramin SATA ɗaya ko biyu da zarar an sa SSD, ma'ajiyar bayanai mai sauri, a ƙaramin ramin da ake kira M.2, littafin madabod ɗinka zai faɗi waɗanda abin ya shafa. Sai ka gwada duk wannan, ko kuma ka ji yana ƙas-ƙas ba ƙaƙƙautawa, sannan ka mayar wa mai shi.

Tambaya: Ni tsohon had-dis na ciro daga wata kwamfuta na ƙara. Tun daga nan tawa ta daina tashi.

Amsa: Malama, mafi yawanci tana ƙoƙarin tashi ne daga baƙon, musamman in akwai tsohon Windows a kansa. Ki shiga BIOS, ki nemi Boot Order, wato jerin inda kwamfuta ke fara tashi daga gare shi, ki mayar da naki na asali, ko Windows Boot Manager, sama. Bayan ta tashi, in Disk Management ya nuna shi Offline, ki yi dannawar dama ki zaɓi Online. Amma idan aka rubuta RAW, ko aka nemi ki yi masa fomatin, wanda ke goge abin da ke ciki, kada ki amsa muddin akwai abin da kike so a ciki. Ki fara kwashe fayilolinki da manhajar ceto bayanai, ki ajiye su a wani had-dis ɗin daban.