Na Tare a Unguwar Baƙin Haure, Amma Har Yanzu Ba a Sake da Ni Ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Wata biyar ke nan da aiki ya kawo ni wani babban birni, inda na kama ɗaki a hawa na uku na wani tsohon bene. Kusan duk mazauna unguwar daga wasu ƙasashe suka zo, har ma idan ina hawa matakala nakan ji harsuna huɗu ko biyar kafin in isa ƙofata. Unguwar kuma tana sauyawa, domin tsofaffin shaguna suna rufewa, ana gyara gidaje, kuɗin haya yana ta hawa. Ina gaida kowa, amma ana amsa mini a taƙaice. Wata dattijuwa da ƙofarta ke kallon tawa, ranar da na taya ta ɗaukar kaya zuwa sama, abin da kawai ta tambaye ni shi ne wata nawa zan yi a gidan. Abin ya sosa mini rai ƙwarai. Laifi nake yi da ban sani ba, ko kuwa in nemi wata unguwa?

Daga wata mai karatu

AMSA: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Ban ga laifinki a cikin abin da kika rubuta ba, kuma ban ga dalilin tattara kaya ba tukuna. Tambayar dattijuwar nan ita ce ta fi ɗaukar hankalina, domin ina ganin kin ji ta a matsayin kora, alhali tambaya ce ta mutumin da ya sha ganin masu zama a ɗakin nan naki suna shigowa suna fita. Wanda ya saba da maƙwabci, ya san sunan 'ya'yansa, sannan ya wayi gari ya ga motar kwasar kaya a ƙofa, idan hakan ya maimaitu sau uku ko huɗu, dole ya fara auna wanda zai buɗe wa zuciya. A wurinta baƙo raɓa ne, kuma ba ta da wata hujja tukuna da za ta sa ta ɗauke ki daban.

Akwai kuma tsoron da ba za su faɗa miki ba. Tun a 1964 wata masaniyar zamantakewa, Ruth Glass, ta bayyana yadda masu hali ke shiga unguwannin ma'aikata a Landan, su gyara gidaje, haya ta tashi, har tsofaffin mazauna su rasa wurin zama. Abin da kika kwatanta a unguwarku ya yi kama da wannan. Mai gida ba ya iya ƙara wa tsohon ɗan haya kuɗi yadda yake so a birane da dama, saboda doka ko yarjejeniya, amma idan ɗaki ya zama fanko yakan sa sabon farashi. Saboda haka mai yiwuwa ne kina biyan fiye da abin da dattijuwar ke biya, kuma duk sabuwar fuska tana tuna mata cewa mai gidan yana da riba idan ta tashi. Ba ke kika jawo wannan ba, sai dai ya kamata ki san da shi, don kada ki yi ta yabon sababbin shagunan a gaban wanda tsohon shagon da ya rufe na ɗan'uwansa ne.

Wani abin da nake so ki gyara shi ne kallon da kike yi musu kamar jama'a guda da ta haɗa kai ta bar ki a waje. Irin waɗannan unguwanni hawa-hawa suke. A titin Brick Lane na gabashin Landan akwai ginin da Faransawa 'yan gudun hijira suka gina a matsayin coci a 1743, ya zama wurin ibadar Yahudawa a 1898, sannan ya koma masallaci a 1976 bayan zuwan mutanen Bangaladash. Unguwar Kreuzberg ta birnin Balin na Jamus ta cika da Turkawa ne bayan yarjejeniyar ɗaukar ma'aikata ta 1961 tsakanin Jamus ta Yamma da Turkiyya, kuma yau jikokinsu ne ke kukan tsadar haya. A benenku ma, wanda ya zo shekara talatin da suka wuce yana yi wa wanda ya zo bara kallon baƙo, kuma ba mamaki masu harsunan nan biyar ba su fi sanin juna ba yadda suka san ki. Binciken da masanin kimiyyar siyasa Robert Putnam ya wallafa a 2007, wanda ya shafi mutum kusan 30,000 a Amurka, ya nuna cewa a unguwannin da aka cakuɗa sosai mutane sukan janye jiki, har daga 'yan ƙabilarsu. An yi ta muhawara a kan sakamakon, musamman a kan rawar da talauci da yawan ƙaura ke takawa, amma ya isa ya nuna miki cewa gajeriyar amsar gaisuwa ba ke kaɗai ake yi wa ba.

To, me za ki yi? Abin da ya fi aiki a ganina shi ne a riƙa ganinki a wuri guda a lokaci guda. Ki zaɓi shago ɗaya a layinku ki riƙa sayayya a nan ko da akwai mai rahusa a nesa, ki riƙa wanki a wuri guda, ki riƙa bin hanya ɗaya zuwa tashar mota. Mai shago a irin wannan unguwa ya san wanda ke neman ɗaki, wanda ke gyaran famfo, da wanda aka kwantar a asibiti, kuma ranar da ya fara miƙo miki abin da kika saba saya tun ba ki buɗe baki ba, labarinki ya riga ya zagaya. Ki koyi gaisuwa da godiya a harshen dattijuwar, ko da za ki yi kuskure ta yi dariya. Kada kuma ki tsaya ga yin taimako kawai. Ki nemi nata, ko da tambayar ranar kwasar shara ce ko roƙon ta karɓar miki saƙo idan ba kya nan. Mutane sun fi sakin jiki da wanda ya nuna yana bukatarsu.

Idan akwai ƙungiyar masu haya a ginin, ki halarci zamansu, ki saurara sau biyu ko uku kafin ki kawo shawara. A nan ne za ki zama ɗaya daga cikin masu fama da injin ɗumama ɗaki da ya lalace ko fitilar matakala da ta mutu. Ki kiyayi kiran hukuma a kan ƙaramin abu kamar hayaniyar biki kafin ki ƙwanƙwasa ƙofa ki yi magana, domin wasu maƙwabtanki takardunsu ba su kammala ba, kuma zuwan 'yan sanda yana iya jawo musu abin da ba ki nufa ba. Wannan bai shafi barazana ga rai ko lafiya ba, wadda ba a jinkirta kai rahotonta. Haka nan kada ki tambayi kowa yadda ya shigo ƙasar sai idan shi ya kawo zancen.

Dalilin tashi na gaskiya shi ne rashin tsaro, ko haya da ta fi ƙarfin albashinki, kuma ba ki ambaci ko ɗaya ba. Ki ba wa kanki shekara guda. Idan kun sake haɗuwa da dattijuwar a matakala, ki amsa mata tambayar da ta yi, ki faɗa mata tsawon yarjejeniyar hayarki da gaskiya, sannan ki tambaye ta shekara nawa ta yi a gidan da kuma waɗanda suka zauna a ɗakinki kafin ke.