Dattijuwa Da Tattaki A Duwatsun Makka Da Ɗa'ifa: Mene Ne Hukunci?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni mazauniyar Makka ce, a Misfala aka haife ni, iyayena daga ƙasar Katsina suka zo. Shekaruna 62, maigidana ya daɗe da rasuwa. Ina fama da ciwon suga da hawan jini, likita ta ce lallai in riƙa tafiya da ƙafa. Wasu ƙawayena da muke karatu tare suna fita da sassafe su taka, wani lokaci su hau Jabalun Nur, yanzu kuma suna shirin zuwa Ɗa'ifa su zaga duwatsun Shafa. Ina so in bi su, amma babban ɗana ya ce sam, wai abin kunya ne mace mai jikoki ta sa kambas tana bin duwatsu, kuma wai haramun ne tunda ba muharrami. Mene ne gaskiyar magana? Kuma akwai lada na musamman ga wanda ya hau har kogon Hira da ke saman Jabalun Nur?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Hajiya, Allah ya ƙara lafiya, ya jiƙan maigida.

Tattaki halal ne a gare ki, hawan dutse ma halal ne idan jikinki zai ɗauka. Al'amuran rayuwar duniya asalinsu halacci ne har sai an kawo dalilin hani, don haka wanda ya ce haramun shi ne zai kawo hujja, ba ke ba. Allah Maɗaukaki ya ce a Suratul Mulk, aya ta 15, shi ne ya hore mana ƙasa, mu yi tafiya a sassanta mu ci daga arzikinsa, kuma bai ware mata ko tsofaffi daga wannan ba. A halinki ma abin ya wuce halacci, domin likita ta sa shi cikin magani. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, har da waɗanda suka haura 65. Idan kin yi niyyar samun ƙarfin tsayuwar sallah da ɗawafi, da rage wa 'ya'yanki ɗawainiyar jinya, ana fatan za ki sami lada a kai. Muslim ya ruwaito cewa mumini mai ƙarfi ya fi alheri kuma ya fi soyuwa ga Allah a kan mumini mai rauni, kuma a cikin kowannensu akwai alheri.

Maganar abin kunya kuwa al'adarmu ce ta haife ta, ba addini ba. Mun saba da zarar mace ta aurar da 'ya sai a shimfiɗa mata darduma a ce ta zauna, ruwan sha ma jika zai miƙo mata, muna ganin girmamawa ce, alhali sau da yawa zaman ne yake kashe mata ƙafafu. Matan farko ba haka suke ba. Nana Asma'u 'yar Abubakar ta ba da labari, kamar yadda ya zo a Bukhari, cewa tana ɗauko ƙwallon dabino a ka daga gonar mijinta Zubairu, mai nisan kashi biyu bisa uku na farsakhi, wato wajen kilomita 3, daga gida, kuma ta rayu kusan shekara ɗari. Abu Dawud ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha a wata tafiya ta wuce shi, bayan ta yi jiki suka sake ya wuce ta. Shi kansa yana zuwa Ƙuba kowace Asabar, wani lokaci a ƙafa wani lokaci a kan abin hawa, kuma ya hau Uhudu tare da Abubakar da Umar da Usman. Ke da kike zaune a Makka, sa'ayin da kike yi tsakanin Safa da Marwa, wajen kilomita 3, sawun wata uwa ce kike bi da ta yi ta hawa da sauka a duwatsun nan biyu tana neman ruwa.

Ɗanki kuma, Allah ya yi masa albarka, na san kishi ne da tausayi suka sa shi magana. Amma ya sani shari'a ba ta ba ɗa ikon hana uwarsa fita ba. Miji ne ake neman izininsa, shi kuwa ɗa biyayya ce a kansa. Yana da damar ya ba ki shawara cikin ladabi, iyakarsa ke nan.

Sai batun muharrami, wanda a nan ne ya kamata a rarrabe, domin ɗanki ya haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba ne. Hadisan da suka hana mace fita ba muharrami a kan tafiya suke magana, wato abin da ake kira safar, ba kowace fita daga gida ba. A ruwayar Abu Huraira an ambaci tafiyar yini da kwana, a ta Ibn Umar kwana uku, a ta Ibn Abbas kuma aka bar shi a sake ba tare da iyaka ba. Zaga unguwa, ko zuwa gindin Jabalun Nur wanda yake cikin garin Makka, ba wanda ya kira shi tafiya. 'Yar'uwar mahaifiyar Jabir ɗan Abdullahi tana cikin iddar saki ta so fita yankan dabinonta, wani ya tsawata mata, Annabi (SAW) ya ce ta je ta yanka, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Idan mai idda ta fita don buƙatarta, ina ga wadda ta daɗe da fita takaba? Abin da ake nema kawai aminci: ku fita a ƙungiya, ta hanyar da mutane suke bi, kuma kada ki keɓe da namijin da ba muharraminki ba, ko direba ne ko ɗan jagora.

Ɗa'ifa daban ce. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Ibn Abbas yana yin ƙasaru a nisa irin na Makka zuwa Ɗa'ifa, da Makka zuwa Usfan, da Makka zuwa Jidda, sannan ya ce wannan shi ne buridi huɗu, wanda a lissafin yau ya kai kimanin kilomita 80. To zuwa Ɗa'ifa tafiya ce cikakkiya, Shafa kuma tana gaba da garin ma. A nan malamai sun yi saɓani. Malikiyya da Shafi'iyya sun yarda mace ta tafi da amintacciyar tawaga, amma asalin wannan rangwame a hajjin farilla ne. An ruwaito daga Albaji, babban malamin Malikiyya na Andalus, cewa hanin ya shafi matashiya ne, tsohuwar da sha'awa ta kau daga gare ta kuwa tana iya tafiyarta. Imam Nawawi ya kawo wannan magana a sharhinsa na Muslim ya ƙi amincewa da ita, yana cewa mace ko ta tsufa ba a rasa mai kwaɗayinta, musamman a hanya inda ake haɗuwa da marasa tarbiyya. Ni abin da zan ba ki fatawa da shi shi ne ki tafi da muharrami, domin wannan tafiya ba wajibi ba ce, ba larura ba ce, kuma lafazin hadisin bai ware tsohuwa ba. Ba na cewa ƙawayenki da suka ɗauki ɗaya ra'ayin fasiƙai ne, magana ce ta malamai sanannu. Sai dai ke kina da mafita mai sauƙi: shi ɗan da ya damu da muharramin ya ɗauki mota ya kai ki. Idan aiki ya hana shi, jikanki baligi mai hankali, ko ɗan ƙaninki, ko mijin 'yarki, duk muharramai ne. Kin ga an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Idan kun je, sallar ƙasaru ta halatta gare ku. Wajen dawowa za ku wuce miƙati, Wadi Muhrim in ta Hada kuka biyo, ko Sailul Kabir in ta ɗaya hanyar, amma ra'ayin da ya fi ƙarfi a wurina shi ne ba sai kin ɗaura harama ba matuƙar ba ki yi nufin umara ba, domin hadisin miƙatai ya ce ga wanda ya yi nufin hajji ko umara.

Tufafi ba su da wahala. Kambas da safa ba kayan maza kaɗai ba ne, mai ciwon suga ma ita ta fi kowa buƙatar takalmi rufaffe, saboda ɗan ƙaramin rauni a ƙafarta yana iya ƙin warkewa. Wando mai faɗi a ƙarƙashin abaya ya fi sutura a wurin hawa fiye da zani. Ki nemi abayar da ba ta jan ƙasa don kada ta harɗe ki a matakala. Aya ta 60 a Suratun Nur ta sassauta wa tsofaffin mata da ba sa tsammanin aure su ajiye mayafin waje ba tare da bayyana ado ba, ta kuma ce kamewa ta fi alheri gare su. Ba na ganin kina ma buƙatar wannan sassauci, hijabi mara nauyi ya wadatar. Hotunan da ake ɗauka a saman dutse a watsa a WhatsApp ne zan ce ki yi hattara da su, don ba ki san inda za su ƙare ba.

Game da kogon Hira, babu lada na musamman a hawansa. A can wahayi ya fara sauka, wannan gaskiya ne, amma ba a ruwaito cewa Annabi (SAW) ya koma ya yi ibada a cikinsa a Umarar Ramuwa ko ranar buɗe Makka ko a Hajjin Bankwana ba, kuma bai umarci kowa da zuwa ba. Ba ya cikin ayyukan hajji ko umara. Idan kin hau don motsa jini, ko don ki ga wurin da idonki ki tuna tarihi, babu laifi. Amma turereniya don yin raka'a biyu a cikin kogon, da shafar dutsen, da ɗebo tsakuwarsa a kai wa 'yan uwa a gida, da ɗaura ƙyalle ko rubuta suna a jikinsa, duk ba su da asali. Sallar da za ki yi a Masallacin Harami, wadda ta fi sallah dubu ɗari a waninsa, tana kusa da gidanki ba tare da hawa ba. Ki kuma tuna dutsen yana cikin hurumin Harami, ba a cire tsiron da ya fito da kansa, ba a korar abin farauta, kuma barin robobin ruwa a hanya cutar da mutane ne.

Sharaɗin da ya fi kowanne nauyi a wannan mas'ala, wanda ɗanki bai ma ambata ba, shi ne kada ki cutar da kanki. Allah ya ce a Baƙara, aya ta 195, kada ku jefa kanku cikin halaka. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas cewa Annabi (SAW) ya ga wani tsoho ana riƙe da shi tsakanin 'ya'yansa biyu, aka ce ya yi bakance ne zai tafi a ƙafa, sai ya ce Allah mawadaci ne daga azabtar da kai da wannan yake yi, ya umarce shi ya hau. 'Yar'uwar Uƙbatu ɗan Amir ma da ta yi irin wannan bakance cewa aka yi ta taka kuma ta hau. To idan tafiyar ibada ke nan, tafiyar nishaɗi fa? Jabalun Nur ya haura mita 600, matakalarsa sun fi dubu, mai lafiya ma sai ya ci awa guda ko fiye kafin ya kai, kuma saukowa ta fi cin gwiwa. Jabalu Saur ya fi shi wuya. Zafin Makka da rani yana wuce digiri 45, kuma ba mu manta da hajjin 2024 ba, da aka rasa mutum sama da 1,300, akasarinsu saboda zafi da doguwar tafiya a rana. Likitarki tafiya ta ce ki yi, ba ta ce hawan dutse ba, don haka ki koma ki tambaye ta wannan a keɓe. In ta hana, ko kin ga alamar zai cutar da ke, hawan ya zama haramun a kanki ko da ya halatta ga ƙawarki.

Ki fara da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, minti goma ko sha biyar bayan asuba, kina ƙarawa a hankali. Ɗawafin nafila a saman bene tafiya ce mai tsawo a inuwa, ga lada, sai dai sa'ayi shi ba a yin sa nafila shi kaɗai. In Allah ya kai ki Madina, hanyar masu ƙafa daga Masallacin Annabi zuwa Ƙuba ta ɗan wuce kilomita 3, kuma ita sunna ce tabbatacciya. Duwatsu ki bar su sai lokacin sanyi. Ki riƙe sanda da ruwa isasshe, da dabino a jaka saboda faɗuwar suga, amma ki ɓoye shi, don biran Hada da Shafa ba su da kunya wajen fizge leda. Da kin ji jiri ko rawar jiki ko nauyi a ƙirji ki zauna, a kira motar agaji ta 997. In kun ga hadari kada ku shiga kwari, ruwan duwatsun Hijaz yana zuwa ne ba sallama.

Kada ki haɗa hawa da azumin Litinin ko Alhamis, ki zaɓi ɗaya a ranar. In sallah ta riske ku a sama ki yi ta a kan dutsen, ƙasa duka masallaci ce. In ruwan da ya rage na sha ne kawai, kuma babu wani a kusa, ki yi taimama, a mazhabar Malik dutsen kansa ya isa a buga hannu a kai. In gwiwa ta ƙi tsayuwa ki yi a zaune, kamar yadda Annabi (SAW) ya umarci Imrana ɗan Husaini.

Wallahu a'alam.