Kan takardar da aka rubuta mana a hanyar Zariya

Yaro, jiya ka tambaye ni me ya sa da 'yan rod sefti suka tare mu saboda ban sa bel ba na karɓi takarda na yi shiru, ban tsaya roƙo ba ban kuma miƙa na goro ba. Lokacin ina kan sitiyari kuma fasinja na ji shi ya sa ban tanka maka ba, to yanzu ga amsa.

Laifi dai nawa ne, na cire bel ɗin a gidan mai na manta ban mayar ba. Kuma tarar nawa ce? A jadawalin da muke aiki da shi tun dokar hukumar rod sefti ta 2007, rashin bel naira 2,000 ne. Waya a kunne kana tuƙi 4,000. Rashin tukunyar kashe gobara 3,000, rashin si-koshin, wato alamar nan mai kusurwa uku da ake kafawa a titi in mota ta lalace, 3,000, tayar da ta suɗe ita ma 3,000, obalodi 10,000, tuƙi ba lasisi ko da lasisin da wa'adinsa ya ƙare 10,000. Tuƙin ganganci ne babba, 50,000, shi kam ya fita daga sahun ƙananan. To shi yunƙurin ba jami'i cin hanci laifi ne mai zaman kansa, 10,000, ka ga kenan in na miƙa ɗari biyar na faɗa hannun wanda ba ya karɓa, laifin dubu biyu ya koma dubu sha biyu, garin neman gira an rasa ido.

Kuma kuɗin ba a hannu ake ba su ba, wannan ka riƙe shi da kyau. Za su rubuta maka tikiti su riƙe lasisinka ko takardun mota, kai kuma ka je ka biya a banki ta Remita, wato tsarin biyan kuɗin gwamnati, ka kai rasit ofishinsu ka karɓi kayanka. In motar suka riƙe, bayan awa 24 kuɗin ajiya zai fara hawa kullum. Wallahi ni ba tarar ce ke ci min rai ba, wunin da zan ɓata ne, layin banki, layin ofis, wani sa'in a zaunar da kai a yi maka lacca, layinka a tasha ya wuce, mai mota kuma da yamma balas ɗinsa yake jira ba labari ba.

In kana ganin an zalunce ka kana da damar ka ƙi biya a kai ka kotu, har kotun tafi-da-gidanka suke kafawa a bakin titi da majistare, amma a can in laifin ya tabbata alƙali na da ikon tara ko ɗauri. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ɗaga murya ko kama rigar jami'i, na ga direbobi da yawa da suka kwana a sel saboda zafin kai, alhali fitilar baya ce kawai ta mutu.

Ka kuma san wa ya tare ka. Rod sefti na tarayya ne, tun 1988 suke. Karota ta jihar Kano ce, in ka shiga Kaduna Kasteliya ce, kowa da dokarsa da tararsa, cikin gari su ne za su kama ka kan wanwe ko tsallake danja ko ɗaukar fasinja inda aka hana. Jami'an Bi'ai'o (VIO) kuma lafiyar motar suke dubawa.

Gobe kafin a fara lodi ka zagaya motar, sigina, fitilar birki, safaya da jak. Ka duba jikin kowace taya akwai lamba huɗu, in ka ga 2321 sati na 23 ne na 2021, wato lokacin da aka ƙera ta, kuma 'yan rod sefti shekara 4 suke ba taya ko da zanenta bai suɗe ba. Ta baya ta hagun nan nake zargi, ka karanto min lambarta.