Lexus LFA da motocin Turai: amsar da na yi wa yarona a gareji

Shekaranjiya muna sauke giyabos ɗin Lexus RX 350 ɗin nan ka jefo mini tambaya: "Oga, wai da gaske Lexus na da motar da ke karawa da Ferrari da Porsche? Ni dai Lexus ɗin da na sani ta alhazai ce da matan manya." Lokacin hannuna duk baƙin mai ne, na ce maka sai mun ɗaure. To yanzu ja benci ka zauna.

Akwai ta, sunanta LFA. Guda 500 kacal aka ƙera, daga Disamba 2010 zuwa Disamba 2012, a masana'antar Toyota, uwar kamfanin Lexus, ta Motomachi a Japan, kuma da hannu aka riƙa haɗa su, kusan mota ɗaya a rana. Kuɗin sabuwarta a Amurka a lokacin dala 375,000 ne. Riƙe wannan kuɗin a ranka, za mu dawo kansa.

Bari mu fara da inji, tunda mu makanikai ne. Silinda goma ne, V10, lita 4.8, babu tarbo, Toyota da Yamaha suka haɗa kai suka yi shi. Eh, Yamaha mai babur da janareto. Ƙarfinsa doki 560 a lissafin Japan da Turai, kuma yana juyawa har 9,000 a minti. Injin RX ɗin da ke gabanka, in allura ta haura 6,000 ya kusa kai ƙarshensa. Me ya sa wannan yake kai wa 9,000 bai tarwatse ba? Ka san duk sanda fistin ya hau sama sai ya tsaya cak, ya juyo ƙasa, ya sake tsayawa. Nauyin da ake tsayarwa ana jefawa ɗin nan shi ne ke karya inji. Sai suka rage shi ta kowace hanya: kwanrod, wato sandar da ke riƙe da fistin, da bawul na titaniyam, ƙarfe mai ƙarfi marar nauyi, fistin na alminiyam da aka matse, sannan tafiyar fistin gajera ce, milimita 79, faɗin silinda kuwa 88. Kowace silinda da nata bakin shaƙar iska, goma reras, ba guda ɗaya da ke ciyar da kowa kamar wanda kake wankewa kullum ba. Daga silo, wato inji na aiki ba a taka totur ba, zuwa ƙarshen jan layi daƙiƙa 0.6 yake ɗauka. Lexus ta ce allura ta yau da kullum ba ta iya bin wannan sauri, shi ya sa suka sa agogon allo. Kuma duk da silinda goman, sun ce bai kai V6 ɗin 3.5 ɗin nan da muka sha ɗagawa nauyi ba.

Baƙin mansa ma ba a kwano yake kwance a ƙarƙashin inji ba. Tanki daban gare shi, famfuna na tsotsowa suna mayarwa. Amfani biyu: inji ya sauka ƙasa sosai, sannan in an sha kwana da gudu mai ba zai gudu gefe guda ya bar famfo yana shan iska ba. Ka tuna abin da rashin mai na minti ɗaya ya yi wa metal, wato beyarin cikin inji, na Camry ɗin nan ta makon jiya, sai ka ƙiyasta a 9,000.

Ƙararsa kuwa, masu kayan kiɗa na Yamaha aka kira suka daidaita ta, aka yi wa sautin hanyoyi zuwa cikin mota. Ko Turawan da ba sa son yabon kayan Japan, a nan sun sallama. A inji zalla, ni ban ga wanda ya fi shi a zamaninsa ba.

To amma mota ba inji kaɗai ba ce, kuma nan Turawa suka kama ta. A 2009, shekarar da aka nuna LFA, Ferrari ta fito da 458 Italia: V8, lita 4.5, doki 570, ita ma tana kai wa 9,000. Ƙarfin murɗawa, wanda ke tura ka cikin kujera in ka taka totur, 540 ne a 458 a ma'aunin Nm, 480 a LFA. Daga tsaye zuwa kilomita 100 a awa, Ferrari daƙiƙa 3.4, Lexus 3.7. Kuɗin Ferrari kuma bai kai dala 250,000 ba. Lamborghini Gallardo LP560-4 ita ma V10 ce mai doki 560, da tayoyi huɗu masu ja. Porsche 911 Turbo S ta lokacin doki 530 ne kawai, amma da tarbo biyu da jan taya huɗu, a tashin farko sai ta bar LFA a baya, alhali kuɗinta bai kai rabi ba. Mai saye ya duba takarda ya ce, to ni me na saya da rarar kuɗin?

Babban raunin yana giya, kuma wannan ya shafe ka. LFA giya shida ce mai kuloci ɗaya, kwamfuta ke taka shi a madadin ƙafarka. Duk canji sai an saki, ƙarfi ya yanke, a sa giya, a kama. A filin tsere sai ka ji duka a baya, wasu na son haka. A cikin gari kuwa fizga take yi kamar ɗan koyo ne a sitiyari. Ferrari 458 da Porsche sun riga sun koma kuloci biyu: ɗaya na riƙe da giya 1, 3, 5, 7, ɗayan na 2, 4, 6, kana kan ta uku ta huɗu ta riga ta shiga tana jira, sai dai a musanya kuloci. Lexus ta ce da gangan ta zaɓi guda ɗaya saboda rashin nauyi da kuma direba ya ji canjin a jikinsa. Akwai gaskiya a ciki, amma a ganina lokaci ne ya tsere musu. Tun 2000 suka fara aikin motar, shekara goma, duniya ba ta jira su ba.

Abin da ya cinye shekarun shi ne bodi. Da alminiyam suka fara, aiki ya yi nisa, sai shugaban injiniyoyin, Haruhiko Tanahashi, da mutanensa suka ga nauyi ya yi yawa, aka koma zaren kabon, kusan daga farko. Kashi 65 cikin ɗari na bodin kabon ne, motar duka kilo 1,480. Kuma ba su ba wani kamfani kwangila ba, da kansu suka koya. Wani abu da mutane ke mantawa: gidan Toyoda, waɗanda suka kafa Toyota, masaƙa suka fara ƙerawa kafin mota, kuma ga shi sai da injin saƙa mai zagaye ya dawo yana saƙa sassan wannan. Ferrari 458 da Gallardo alminiyam ne. Ka gaya wa abokinka mai bugun bodi, kabon ba ya lotsewa balle a buge shi ya miƙe. Tsagewa yake yi, wani lokaci ta ciki inda ido ba ya gani.

Dubi kuma inda kowa ya ajiye nauyinsa. Porsche 911 injinta can bayan tayoyin baya, tun shekarun 1960 suke lallashin wannan tsari. 458 da Gallardo a tsakiya, bayan kujerar direba. LFA a gaba, amma an ja shi baya da layin tayoyin gaba, giyabos aka kai shi baya, lagireto ma a baya. Sakamakon kashi 48 gaba, 52 baya. Shi ya sa a hanya mai kwana-kwana labarin ya bambanta da na takarda. A Nürburgring ta Jamus, filin da ya ɗan haura kilomita 20 inda kowa ke gwada motarsa, nau'in LFA na musamman mai sunan filin, wanda aka yi guda 50, ya zagaya a minti 7 da daƙiƙa 14.64 a 2011. Porsche 911 GT2 RS mai doki 620 minti 7 da 18 ta yi. A gidan Jamusawa, ka ji. Kusa da wannan fili ne babban direban gwajin Toyota, Hiromu Naruse, ya rasu a hatsari a Yuni 2010 yana tuƙa LFA. Shi ya koya wa Akio Toyoda, jikan wanda ya kafa kamfanin, tuƙin tsere, kuma Akio ne ya tsaya wa motar har ta fito.

Sauran maganar suna ce. Ferrari tun 1947 take, tana tseren Formula 1 tun 1950. Lexus sai 1989 aka haife ta, da LS 400, motar shiru da sanyin esi. Mai kuɗi ba ya son ya biya dala 375,000 maƙwabci ya ce ai Toyota ce. Wasu LFA ɗin sun yi shekaru a shagunan dillalai a Amurka babu mai saye. Yanzu kuwa ta hannu ta fi sabuwa tsada nesa ba kusa ba, ta Nürburgring ɗin ma ta haura dala miliyan ɗaya a gwanjo.

In ka ce in zaɓa a 2011 da kuɗin aljihuna, 458 zan ɗauka, in ajiye canji. In kuwa wadda za a buɗe mini bonet ne a bar ni in wuni ina kallo, LFA ce. Dukkansu dai ba mai tsallake tudun rage gudu na bakin layinmu ba tare da ta bar leɓenta a nan ba.

Tashi ka ɗauko sifana 14, mai RX ɗin nan ya ce bayan La'asar zai zo.