Wanda ya fi taruwa a kwali ba shi za ka loda wa ɓauna ba

Ɗana, na ga saƙonka tun da hantsi, aiki ne ya riƙe ni. Ka ce baƙon da za ku shiga daji farauta da shi ya zo da fakiti biyu na harsashin .375 (lambar kaurin harsashin kenan), kun gwada su a kan kwalin saiti a mita 100, na farko guda uku sun kusa shiga rami ɗaya, na biyun kuma ya ɗan warwatsu kamar santimita 5, shi ne kake tambaya ko ba na farkon ya kamata a loda wa ɓauna ba tunda ya fi saiti. Na duba hoton fakitin da ka turo. Na biyun za ku ɗauka.

Ka fara tambayar kanka me ake nema a jikin ɓauna. Zuciya da huhu ne, kuma wurin nan faɗinsa ya kai farantin cin tuwo, sannan a dajinmu na Faro da Binuwai nan arewacin Kamaru da wuya ka ga an harbi ɓauna daga nesa da mita 80, galibi ma ƙasa da haka ne. To santimita 5 ɗin nan me za ta rage maka? Shi kansa baƙon idan ya yi tafiyar awa huɗu cikin rana, ya ɗora bindiga kan sanduna yana haki zufa na shiga masa ido, rawar hannunsa kaɗai ta ninka wannan. Ba ina cewa saiti banza ne ba fa, idan gwanki ne ko kanki a fili mita 200 sai mu zauna mu yi maganar santimita, amma a kan ɓauna duka biyun sun ci jarabawar saiti, abin da ya rage shi ne aikin da harsashi zai yi bayan ya taɓa fata.

Na farkon nan naka mara nauyi ne, bakinsa dalma ce a fili, rigarsa ta tagulla kuma siririya. Irinsa bakinsa yana buɗewa da wuri idan ya shiga jiki, kuma a kan mariya hakan ake so. Amma ɓauna fatarta kauri, sau da yawa ta yi birgima cikin laka ta bushe a jikinta, bayan fata ga tsoka ga ƙashin kafaɗa, sai ka ga harsashi ya daki ƙashin ya tarwatse, riga ta yi nan dalma ta yi can, a waje rauni ƙato kamar abin kirki alhali ko huhu ɗaya bai gama hudawa ba. Ta shige doguwar ciyawa da raunin nan ta juyo ta tsaya tana jira, kuma ka san wanda ake sa wa gaba wajen bin sawu, ai ba baƙon ba ne.

Wannan matsalar ba yau ta fara ba. A 1946 wani Ba'amurke John Nosler ya harbi wani ƙaton naman daji a Kanada da jikinsa ya sha laka, harsashinsa ya kasa shiga yadda ya kamata, shi ne ya koma ya ƙera wanda ya fito da shi a 1948 da sunan Partition: katangar tagulla a tsakiya, gaba ya buɗe, baya ya tsaya da nauyinsa ya ci gaba da turawa. Na biyun da ke hannunku, Swift A-Frame mai nauyin giren 300 (giren shi ne ma'aunin nauyin harsashi), tsarin kenan, sai dai shi an haɗe dalmar gaban da rigar ta yadda ba sa rabuwa, shi ya sa idan ka ciro shi za ka samu kusan duk nauyinsa na nan, Partition kuwa yakan zubar da kusan kashi ɗaya cikin uku. Akwai kuma Barnes TSX wanda babu dalma ko kaɗan, tagulla ce zalla, bakinsa ya tsage gida huɗu ya nannaɗe baya. Ni dai a kan ɓauna duk wanda ka ba ni tsakanin A-Frame da TSX ba zan yi musu ba.

Kar ka tsaya a maganata ko abin da aka rubuta a bayan fakiti, ka gwada mana. Nemo tsofaffin jaridu ka jiƙa su su kwana a ruwa, ka danna su cikin akwatin katako tsawon mita guda ko fiye, ka karɓo ƙashin ƙafar sa wajen mahauta ka sa a gaba, bayan akwatin ya zama tudun ƙasa ne ba hanyar mutane ba, ka harba daga mita 50. Sai ka riƙa ɗaga jaridun kaɗan-kaɗan kana bin ramin, ka ga ko ya tafi a miƙe ko ya karkace, ka auna zurfinsa, ka ciro shi ka wanke ka ɗora kan ƙaramin sikeli irin na masu zinare. Giren 300 giram 19.4 ne, to ka ga nawa ya saura. Amma babbar makaranta tana wajen fiɗa. Idan an kayar da dabba, kafin masu fiɗa su sa wuƙa ka zagaya ɗaya gefen ka shafa fatar da tafin hannu, sau da yawa za ka ji wani ɗan kumburi mai tauri, harsashin ne ya ƙetare jiki duka fata ta riƙe shi. Tsaga ka ciro, ka rubuta dabba da nisa da inda ya shiga ka ajiye a gwangwani. Yaran yanzu hoto suke rige-rigen ɗauka su bar wannan a ƙasa.

Sannan shi ma gwajin saitin naku ban gamsu da shi ba. Harsashi uku sau ɗaya sa'a ce kawai, ka yi biyar, ka bari bututun ya huce ka sake, kuma kafin ka zargi harsashi ka taɓa kusoshin madubin saiti da na jikin bindigar, don hanyar Garwa zuwa sansani ta isa ta kwance komai. Wanda na fi damuwa da shi shi ne harbin farko da sanyin bututu, shi za a yi wa ɓauna, don haka da sassafe ka harba ɗaya tak ka yi masa alama, washegari ka sake a kwalin nan dai. Idan an goge bututu an bar mai a ciki harbin farko yakan kauce, a busar da shi a harba guda a ƙasa kafin a fita. Kowace bindiga kuma da abin da take so, wanda ya taru a ta baƙon ba lallai ya taru a ta sansani ba, ko fakitin kamfani ɗaya ma ka duba lambar rukunin da ke jiki, in ta canza a sake gwadawa.

Idan baƙon zai sa daskararre, wanda ba ya buɗewa, a ƙarƙashin A-Frame ɗin cikin magazin, wato ma'ajiyar harsashin da ke jikin bindiga, don harbi na biyu lokacin da ta juya baya, sai ka tabbatar su biyun wuri ɗaya suke faɗawa a mita 50. Kuma kar a fara da daskararre cikin garke, zai fita ta ɗaya gefen ya samu wata.

Zafi ma abin lura ne, watan Maris da Afirilu nan ana wuce digiri 40, harsashin da ya wuni a gaban mota cikin rana albarushinsa ya fi ƙarfi, sai sakatar bindiga ta yi tauri wajen buɗewa daidai lokacin da kake neman harbi na biyu. Ka lura da kwanson .375 yadda ya tafi a tsuke? Maƙeran bindiga Holland & Holland na Landan sun fito da shi a 1912 zamanin albarushin da zafi ke saurin taɓawa, wannan tsukewar ce ke sa ya shiga ya fita ba gardama, shi ya sa har yau yake nan, Tanzaniya ma shi ne mafi ƙanƙanta da ta yarda a harbi ɓauna da shi. Duk harsashin da za a fita da shi, ka sa a bi da shi ta cikin bindigar ɗaya bayan ɗaya, baki na kallon tudu yatsa nesa da kunamar bindiga, wanda ya cije a ware. Waɗanda suka daɗe a ƙasan magazin kuma ka jera su da sabo, in kan ya nutse cikin kwanso saboda dukan bindiga kar a harba shi.

Fakitin farkon kar ya dame ka, baƙon ya yi atisaye da shi kan sanduna ya saba da dukan kafaɗa, ragowar a ajiye wa mariya in tana cikin takardar izinin farautarsa. Sai dai bayan atisayen a mayar da saitin kan A-Frame ɗin kafin ku kwanta, ka turo mini hoton kwalin in gani.